Fim ɗin Yaƙi da Idon Ɗan Kallo: Daga Lugu zuwa Abala

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon bidiyo a ƙasar nan, ko a Yamai ne ko a Filinge, ya san tambayar da yara ke yi tun rubutun farko bai gama wucewa ba: wane ne aktar, wane ne shefbandi? Da zarar an amsa wannan, hankali ya kwanta. An san wanda za a yi wa tafi, an san wanda za a yi wa ihu, an kuma san ƙarshen labari, domin ƙa'ida ce sananniya cewa aktar ba ya mutuwa. Ƴan'uwanmu na Kano da Katsina bos suke ce wa shefbandi, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Abin da wannan maƙala ke son dubawa shi ne: me ke sa fim ɗin yaƙi ya amsa sunan fim nagari, kuma daga ina ɗan kallonmu ya samo irin abin da yake so? Ga mutanen ƙasar Kurfai wannan ta wuce hirar nishaɗi. Tun shekarar 2017 ƙarar bindiga ta bar cikin akwatin talabijin ta shigo gundumar Abala, kuma ɗaliban da muke koya wa Hausa da Faransanci suna kallon finafinan nan da idon da ya riga ya ga ƴan gudun hijira. Ra'ayin da zan kare shi ne cewa fim ɗin yaƙi nagari ba ya tsayawa inda harbi ya tsaya. Yakan bi mutane har gida, ya nuna abin da aka biya da wanda ya biya. Tarihin silimar ƙasarmu ya ba da hujja a kan haka tun da daɗewa.

Inda idonmu ya koyi kallo

Sha'awar ɗan kallo koyonta ake yi, saboda haka tana da tarihi. Kafin zuwan silima, Bahaushe ya san labarin yaƙi ta bakin maroƙa da makaɗan fada da masu kirari. A wannan fage gwarzo guda ake ɗagawa: a ambaci dokinsa da mashinsa da garuruwan da ya ci. Dakarun da suka bi shi a ƙasa, da matan da suka kwana suna daka masa guzuri, ba su cika samun ko baiti ɗaya ba. Ba laifin maroƙi ba ne, wanda ya ba da doki da riga shi ake wa waƙa. To, da silima ta zo da nata gwarzon mai kashe ɗari shi kaɗai, sai ta tarar da kunne a shirye.

Silima tare da mulkin mallaka ta shigo. A Kano an buɗe gidan silima na Rex a 1937, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun riƙa zagaya garuruwan Arewa da motar majigi suna nuna labarin fagen daga, domin jawo hankalin samari zuwa aikin soja da kuma tara gudummawa. Ke nan talakawa da yawa na ƙasar Hausa, hoton yaƙi na farko da suka gani mai neman soja ne ya kawo musu shi. Bayan haka finafinan kaboyi da na Indiya suka cika gidajen silima, daga Kano har Maraɗi da Yamai.

Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin iyayen silimar Nijar, ya hango abin da wannan kallo ke yi wa samari tun a 1966. A fim ɗinsa mai suna Le Retour d'un aventurier, wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka ɗauki sunayen ƴan fim, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu, har wasa ya rikiɗe ya zama faɗa na gaske. Mutane sun yi dariya da suka gan shi, amma gargaɗi ne: yaro yakan sa rigar da ya gani a allo.

A shekarun 1980 kaset ɗin bidiyo ya iso, tare da Rambo da Commando da finafinan Chuck Norris. Gidajen silima na birane suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, rumfunan kallo masu ɗan injin wuta suka yaɗu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin silima ba. Daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma katin salula. Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba na farin jinin waɗannan finafinai a wajenmu: mafi yawan ƴan kallo ba su jin Ingilishi, ba su jin Faransanci. Fim ɗin da labarinsa ke cikin magana ya wuce su. Wanda labarinsa ke cikin naushi da harsashi kuwa ba ya bukatar tafinta. Hujjar haka ta fito daga baya. Da masu fassara na Kano, irin su kamfanin Algaita, suka fara juya finafinan Indiya zuwa Hausa, sai ga mutanen da ake cewa faɗa kawai suke so suna zaune awa uku suna sauraron hujja da ba'a da muhawara. Ashe ba ƙin tunani suke yi ba, harshe ne ya tare musu hanya.

Sojoji biyu da suka dawo daga ƙasa ɗaya

An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, wato ƙasar da Biyetnam ke ciki, inda Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954. Da ya dawo bai sami aiki ba, ya tafi Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da Jean Rouch, ya fito a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958. Bayan kimanin shekara goma ya yi nasa fim na farko, Cabascabo, da harshen Zabarmanci, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969.

Fim ɗin bai kai awa guda ba, kuma faɗan da ke ciki kaɗan ne, yana zuwa ne a cikin tunanin sojan. Abin da ya cika shi shi ne dawowa. An tarbi Cabascabo da murna, abokai da maroƙa da matan bariki suka kewaye shi har kuɗin sallamarsa suka ƙare, sannan kowa ya watse. Ya nemi aiki, girman tsohon soja ya zame masa kaya: ƙaramin aiki ya fi ƙarfin mutuncinsa, babba kuma bai samu ba. A ƙarshe ya ɗauki kayan aikinsa ya nufi karkara. Ganda da kansa ya fito a matsayin sojan, don haka fuskar da muke gani ta wanda ya je ne ya dawo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin lura shi ne, Rambo ma daga Biyetnam ya dawo, daga yaƙin da Amurka ta gada bayan fitar Faransa. Fim na farko, na 1982, labarinsa kusan na Cabascabo ne: tsohon soja da ya rasa wurin zama a cikin jama'arsa, ƴan sanda suka wulaƙanta shi, ya ƙare yana kuka gaban tsohon kwamandansa. A na biyu, na 1985, aka mayar da shi Biyetnam ya ci shi kaɗai yaƙin da ƙasarsa ta kasa ci. Na biyun ne yaranmu suka haddace, shi ne ya sa suke ɗaura ƙyalle a goshi. Mutanen da Rambo ke zubarwa kamar fara a wannan fim ba su da suna, ba su da uwa, ba wanda ya yi musu jana'iza. Amma manoma ne masu shinkafa waɗanda suka kori mai mulkin mallakar da ya mallake mu. Ɗan Nijar da ke tafa wa Rambo, da ya tsaya ya duba da kyau, zai ga ya fi kama da waɗanda ake harbi.

Daga wannan kwatanci za mu ɗauki ma'auni na farko: fim ɗin yaƙi nagari yana da washegari. Yana nuna sojan bayan an kwance masa kaki, da gidan da aka kai wa labarin mutuwa.

Sarauniya: wa ke riƙe da bindigar?

A farkon 1899 rundunar kyaftin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Isa ta nufi tafkin Cadi. Turawan da ke cikinta ba su kai goma ba. Sauran ɗaruruwan sojoji ne baƙar fata da ƴan dako da aka ɗaure aka tilasta wa ɗaukar kaya. Duk inda suka bi sai toka. A watan Afrilu suka isa Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, inda Sarauniya da maharbanta suka tsaya musu kafin su janye cikin daji, aka ƙone garin. A watan Mayu aka yi kisan Birnin Ƙonni. Labarin ɓarnar ya kai Faransa, aka aiko kanar Klobb ya karɓi rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a Dankori, kusa da Tasawa. Cikin ƴan kwanaki sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Sauran rundunar ta ci gaba ta kama Damagaram a ƙarshen watan.

Takardun Faransa layi kaɗan suka ba Sarauniya. Marubuci Abdulay Mamani, tsohon ɗan gwagwarmayar Sawaba, shi ya ɗauko labarinta daga bakin jama'a ya gina littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya kuma ya mayar da shi fim a 1986. An shirya ɗaukarsa a Nijar, amma hukumomin lokacin, zamanin Seyni Kunce, suka janye hannunsu, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓi aikin. Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Sakamakon wannan ƙaura shi ne labarin Lugu ya fito duniya da Julanci da Faransanci, jikokin waɗanda abin ya faru a kansu kuwa ba su ji shi da harshensu ba.

Fim ɗin yana da duk abin da ɗan kallonmu ke so: dawaki, kibau, gwarzuwa mai kwarjini, da mugu wanda muguntarsa ba ta ɓoyu ba. Darajarsa tana wani wuri dabam. Med Hondo bai ɓoye cewa hannun da ya ɗana bindiga a Lugu baƙi ne irin namu ba. Ya nuna tafinta da ɗan dako da matan da aka kama ana rabawa kamar ganima. Ya nuna shugabannin maƙwabta suna shawara, wasu na ganin gara Nasara da mace mai bin addinin gargajiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma fim ɗin ya nuna tsagar. Rabinsa na biyu ma ya bar fagen daga, ya bi rundunar yana nuna yadda kisa ke cinye mai yin sa. Ma'auni na biyu ke nan: fim nagari yana barin ɗan kallo ya ga kansa a ɓangarorin biyu, ko da hakan bai yi masa daɗi ba.

A 2020 wani fim na gaskiya mai suna African Apocalypse ya sake bin sawun Voulet, ya saurari jikokin mutanen garuruwan da aka ƙone. Abin da ya fito fili shi ne, bayan shekara 120, tsofaffi na riƙe da labarin filla-filla. Tarihin yana nan a bakin mutane, mai ɗauka ne ya yi ƙaranci.

Thiaroye: gaskiyar fim da gaskiyar takarda

Malamai kan yi tambaya: shin dole ne fim ɗin tarihi ya bi abin da ya faru sawu da ƙafa? Misalin Camp de Thiaroye, na Usman Sembène da Thierno Faty Sow, na 1988, zai taimaka mana. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai, da yawansu bayan zaman fursuna a hannun Jamusawa, saboda sun nemi a biya su haƙƙinsu. Rahoton soja na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu. Masana tarihi da dama na ganin adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Sai a 2024, shekara 80 bayan abin, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya kira shi kisan kiyashi a rubuce.

Sembène, wanda shi ma tsohon sojan Faransa ne, ya nuna harin da dare da tankokin yaƙi, alhali bayanan tarihi sun ce da safe aka yi shi. Ya kuma ƙirƙiro mutane, ciki har da Pays, sojan da azabar sansanin Jamusawa ta ɗauke wa magana, wanda shi kaɗai ya hango abin da ke tafe amma ba wanda ya saurare shi. Wannan ƙari ne na mai fasaha, kuma ya kamata malami ya gaya wa ɗalibansa haka. Sai dai a kan ginshiƙin lamarin, wato wa ya kashe wa kuma a kan me, fim ɗin bai karkata ba. Mai fim na iya sauya sa'a, ba ya da ikon sauya mai laifi. Wannan ne ma'auni na uku.

Irin wannan fim yana iya taɓa rayuwar mutane kai tsaye. Wata doka ta 1959 ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da Faransa ta mallaka, har tsohon sojan Nijar ya wayi gari yana karɓar ɗan abin da bai kai rabin na abokinsa Bafaranshe ba, alhali rami ɗaya suka kwana. Da fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya fito a 2006, gwamnatin Jacques Chirac ta ba da sanarwar daidaita wani sashe na fanshon. Gyaran ya zo a makare ga mafi yawansu, amma ya nuna fim na iya tuna wa hukuma bashin da ta manta.

Kada kuma a ce ɗan kallonmu ba ya jure ganin gwarzo ya faɗi. Fim ɗin Mustafa Akkad a kan Umar Mukhtar, malamin allo da ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar Italiya a Libiya har aka rataye shi a 1931, yana cikin finafinan da Hausawa suka fi riƙewa a zuciya. Aktar ya mutu a ƙarshensa, ba wanda ya nemi a mayar masa da kuɗin ƙofa. Idan mutane suka gane dalilin mutuwar, suka ga kansu a cikin mamacin, sukan karɓa.

Filinge, 1916: fim ɗin da ba a yi ba tukuna

Bari mu gwada waɗannan ma'aunai a kan tarihin ƙasarmu ta Kurfai. A 1913 da 1914 aka yi yunwar da Hausawa ke kira Kakalaba. Ba a gama farfaɗowa ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Faransa ta matsa wajen karɓar haraji da dabbobi da samari. A farkon 1916 Firhun, shugaban Abzinawan Iwillimmeden na yankin Menaka, ya tsere daga tsarewar Turawa a Gawo ya ɗaga tutar tawaye. A watan Afrilu mayaƙansa suka kawo hari Filinge, inda sojojin bariki tare da mahayan Kurfayawa na Mayaƙi Gado Namalaya suka mayar da su. A watan Mayu aka ci su a Andarambukan, a Yuni aka kashe Firhun. Kafin shekarar ta ƙare Kawsan ya kewaye barikin Agadas, tawayen ya koma Abzin.

To, a ce wani ɗan Abala ya sami kuɗi da kamara zai yi fim a kan wannan. Wa zai zama aktar, wa zai zama shefbandi? Idan ya bi littafin tarihin gwagwarmaya, Firhun ne gwarzo, tunda shi ya yaƙi Nasara. Sai kakannin Kurfayawa su zama ƴan koren mai mulkin mallaka. Idan ya bi kirarin fadar Filinge, Mayaƙi ne gwarzo, tunda ya kare rumbuna da garken mutanensa daga maharan da suka daɗe suna fama da su tun kafin zuwan Turawa. Sai Abzinawa su zama ɓarayin daji marasa fuska. Kowane ɗaya daga cikin finafinan nan biyu zai sami tafi a wani gari, ya jawo ƙiyayya a wani. Kuma kowannensu rabin gaskiya ne.

Jikokin ɓangarorin biyu suna cin kasuwa ɗaya a Abala da Sanam da Filinge, suna shayar da dabbobi a rijiyoyin Dallol Boso, ƴaƴansu na zaune a benci ɗaya a ajinmu. Tarihi ma ya juyo ta hanyar da ba wanda ya zata: da rikicin Mali ya tashi a 2012, mutanen Menaka da Andarambukan ne suka gudo, aka kafa musu sansani a Abala, mutanen gari suka karɓe su. Hanyar da mayaƙa suka biyo a 1916 ita mata da yara suka biyo da tabarmi a ka bayan shekara 96. Fim ɗin da ya dace da 1916 sai ya fara da yunwa da haraji, ya nuna dalilin makiyayin da ya hau raƙumi da dalilin manomin da ya hau doki, ya kuma nuna wanda ya zauna a bariki yana rubuta rahoto, wanda shi ne ya fita da riba. Irin wannan fim ba shi da shefbandin da yara za su yi wa ihu su huce, amma shi kaɗai za a iya nunawa a filin kasuwar Abala kowa ya tashi da mutuncinsa.

Abala a yau

A watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jihar Tillaberi, ciki har da Abala. Ranar 31 ga Mayu na shekarar aka kai hari garin, jami'an tsaro 6 suka rasu. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, sojoji 71 suka kwanta dama. A Shinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, 89. An hana hawan babur, kasuwanni sun ragu, makarantu da dama na karkara sun rufe, malamai da ɗalibai suka taru a manyan garuruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma yana da uwa, wani da amarya, wani da jaririn da bai gani ba.

Waɗannan shekaru ma sun haifar da nasu hotuna. Bayan kwanton ɓaunar Tongo Tongo na 4 ga Oktoba 2017, inda sojojin Amurka 4 da abokan aikinsu ƴan Nijar suka mutu, masu ɗauke da makamai sun fitar da bidiyon farfaganda, Amurkawa kuma suka yi nasu fim a 2021 a kan abin da ya sami mutanensu da abin da aka ɓoye wa iyalansu. Kowa ya ba da labarin nasa. Labarin namu, na sojan da aka haifa a Tondikandiya ko Damagaram, da na matar da ta bar gonarta da gero a tsaye, mu yake jira.

Bidiyon farfagandar da ke yawo a salula kuwa, duk wanda ya lura zai ga daga finafinan faɗa ya ari salonsa: waƙa mai motsa jini, babura a guje, gwarzo da ba ya tsoro, abokin gaba da ba shi da fuska, sannan a yanke hoto kafin a ga gawa ta kumbura ko a ji kukan marayu. Yaron da ya tashi bai san wani fim ɗin yaƙi ba sai mai wannan salo, an riga an share wa mai farfaganda hanya zuwa zuciyarsa. A nan ne maganar ɗanɗanon ɗan kallo ta zama maganar tarbiyya.

Kammalawa

Hana yara kallo ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne magani ba; fim ɗin yana cikin aljihunsu. Abin da ke hannunmu, mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, shi ne mu faɗaɗa abin da suke gani, mu kuma koya musu yin tambaya. Bayan kowane fim, ko na Rambo ne, ana iya tambayar aji: wa ya ba da wannan labari, kuma me yake so mu ji? Su wane ne suka mutu ba a faɗi sunansu ba? Wa ya ɗauki kaya, wa ya dafa abinci, ina suka shiga? Me ya faru washegari? Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi zai yi su ga duk bidiyon da aka turo masa.

Sai aiki na biyu, na harshe. Cabascabo da Sarraounia da Camp de Thiaroye sun cancanci a ji su da Hausa, da izinin masu haƙƙinsu, kamar yadda ake jin finafinan Indiya. Masu iya fassarar suna nan a cikinmu. Na uku kuma shi ne mafi gaggawa: tsofaffin da suka ji labarin 1916 daga bakin kakanninsu, Hausawa da Abzinawa da Fulani da Zabarmawa, suna ƙarewa, haka ma mazan jiya na Indoshin da Aljeriya. Salular da ke kawo mana yaƙin wasu tana iya naɗar muryarsu. Kowace ƙungiya ta ɗauki gari ɗaya, kowane aji ya ɗauki tsoho ɗaya, a rubuta, a adana, a ji daga kowane ɓangare. Ranar da mai kamarar zai fito daga Kurfai, ya tarar da abin da zai gina fim ɗinsa a kai.

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Fim ɗin yaƙin da ɗan kallo ya tashi daga gabansa ya ƙara fahimtar wannan magana, shi ne ya yi aikinsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya.